Daƙiƙa goma a Tampa: me ke riƙe da magoyin bayan hokin jami'a a Minnesota?

Ranar Asabar 8 ga Afrilun 2023, a birnin Tampa na jihar Florida, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Jami'ar Minnesota ta buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka. Ita ta fara zura ƙwallo biyu a ragar Jami'ar Quinnipiac. Quinnipiac ta farke ɗaya, sannan ana saura ƙasa da minti uku a tashi ta farke ta biyu. Aka tafi ƙarin lokaci, wanda a wannan wasa duk wanda ya fara ci shi ke da kofi. Daƙiƙa goma da komawa fili, Jacob Quillan na Quinnipiac ya jefa ta a raga. Shekara 20 ke nan magoya bayan Minnesota suna jiran wannan kofi, ya zo bakin hannu ya suɓuce.

A falon maƙwabcina na kalli wasan, wani dattijo ɗan asalin Minneapolis wanda shi ne ya fara kai ni filin wasan jami'ar. Da ƙwallon ta shiga bai ce uffan ba. Ya rage muryar talabijin, ya cire hularsa mai harafin M ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon yaran suna durƙushe a kan ƙanƙara. Maganar farko da ta fito daga bakinsa tambaya ce: su wa za su dawo baɗi? Washegari taurarin Minnesota biyu, Brock Faber da Matthew Knies, suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwararru na gasar NHL. A watan Yuli Logan Cooley ya bi bayansu, shekara ɗaya tak ya yi a jami'ar. Dattijon kuwa ya sabunta tikitinsa na kakar gaba kamar yadda ya saba.

Wannan ne abin da nake son mu warware. Wanda ke goyon bayan ƙungiyar ƙwararru yana iya shekara goma yana kallon gwaninsa. Mai goyon bayan ƙungiyar jami'a ya san tun ranar da yaro ya shigo cewa ba zai wuce shekara huɗu ko biyar ba, in kuma ya cika iyawa ko biyu ba zai yi ba. To me mutum yake riƙe da shi, har ya fito cikin sanyin da ke sauka ƙasa da sifili da digiri 20 don ya kalli 'yan makaranta?

Bari in fara da wasan kansa a taƙaice. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili har da mai tsaron gida. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa da suke sulalawa da su a kan ƙanƙara, kowa da sandarsa mai lanƙwasa. Ƙwallon ba mulmulalliya ba ce, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai kauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma a firji ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ana buga zango uku, kowane minti 20. Gudun da ake yi ya kai ga ɗan wasa ba ya iya wuce kamar daƙiƙa 45 sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Wanda ya yi ƙeta ana tura shi wani ɗan keji a gefen fili ya zauna minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da raunin mutum ɗaya. A wasan jami'a kowa na rufe fuska gaba ɗaya da waya ko gilashi, kuma wanda ya yi dambe korarsa ake yi, ya kuma rasa wasa na gaba. A NHL minti biyar kawai yake zama.

Jami'o'in da ke ajin farko na maza sun ɗan haura 60. Kaka na farawa a Oktoba ta ƙare a Afrilu, kuma yawanci ƙungiya biyu ne ke karawa Juma'a da Asabar a jere, don haka fushin daren Juma'a bai huce ba ake sake haɗuwa. A ƙarshe ƙungiya 16 ke shiga gasar ƙasa, wadda aka fara a 1948, wasa ɗaya ne, wanda ya faɗi ya tafi gida. Huɗun ƙarshe su ake kira Frozen Four. Denver ta ɗauki kofinta na goma a 2024, Michigan na da tara, Dakota ta Arewa takwas, Wisconsin shida. Minnesota na da biyar: 1974, 1976, 1979, 2002 da 2003.

Amsar tambayarmu tana farawa ne nesa da jami'a. A jihar Minnesota yaro na koyon wannan wasa a filin unguwa da hukumar gari ke malala wa ruwa ya daskare, ko a kan tafki, ya shiga ƙungiyar yara ta garinsu, daga nan ya buga wa sakandaren garinsu. A mafi yawan sauran wurare, yaro mai baiwa barin gida yake yi tun yana ɗan shekara 15 ko 16 ya koma ƙungiya mai zaman kanta. A Minnesota da yawa suna zama, saboda akwai abin da suke hari: gasar sakandare ta jiha, wadda ake yi tun 1945, kuma a yau a babban filin St. Paul, hedikwatar jihar, inda ƙwararru ke wasa ake buga ta, kujeru su cika maƙil, talabijin na nunawa kai tsaye. Akwai wani gari Warroad can a bakin iyakar Kanada, mutanensa ba su kai 2,000 ba, amma daga nan Bill da Roger Christian suka fito suka ci zinaren Olamfik a 1960, Dave Christian ya ci a 1980. Maƙwabciyarsa Roseau ita ta haifi Neal Broten, wanda shi ne na farko da ya karɓi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 1981, yana sanye da rigar Minnesota.

Mutumin da ya ɗaure jami'ar da waɗannan garuruwa shi ne John Mariucci, ɗan garin Eveleth na yankin ma'adanin ƙarfe, wanda ya zama koci a 1952. A zamaninsa jami'o'i irin su Denver na cika ƙungiyoyinsu da manyan samari daga Kanada, suna kuma cin kofi da su. Mariucci ya ƙi bin wannan hanya. Ya dage da 'yan gida, yana zagaya garuruwa yana ƙarfafa wa makarantu gwiwa su kafa ƙungiyoyi. Bai taɓa cin kofin ƙasa ba, amma ɗalibinsa Herb Brooks, da ya zama kocin ƙungiyar, ya ci uku a shekarun 1970, sannan ya ɗauki tawagar 'yan jami'a zuwa Olamfik na 1980 a Lake Placid suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3. Cikin 'yan wasa 20 na wannan tawaga, tara daga Jami'ar Minnesota suke. Filin da aka buɗe a 1993 mai ɗaukar mutum wajen 10,000 sunan Mariucci aka sa masa.

Koci Doug Woog, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1985 zuwa 1999, ya kai wannan aƙida ƙarshenta: shekaru da dama babu ɗan wata jiha ko ɗaya a ƙungiyar. Saboda haka idan dattijon nan ya zauna a kujerarsa, ba baƙi yake kallo ba. Ya san wannan yaro tun yana sakandare a Edina, wancan ubansa ya buga a Hibbing, wancan kuma ya gan shi yana kuka bayan an fitar da garinsu a gasar jiha. Yaron zai tafi, amma garin da ya fito yana nan, kuma ƙanensa na tafe. A ganina wannan shi ne ginshiƙin farko, kuma shi ya sa tafiyar taurari ba ta girgiza irin waɗannan mutane kamar yadda baƙo zai zata.

Sai dai aƙidar ta zo da tsadarta. Woog ya kai ƙungiyar kusa da kofi sau da yawa bai ɗauka ba. Da Don Lucia ya karɓa a 1999 ya buɗe ƙofa kaɗan, ya ɗauko Grant Potulny daga Grand Forks, wato garin babbar abokiyar hamayya, Jami'ar Dakota ta Arewa. A wasan ƙarshe na 2002 da Maine, a St. Paul gaban mutanen gida, saura ƙasa da minti ɗaya Matt Koalska ya farke, a ƙarin lokaci kuma wannan baƙon yaro Potulny ya ci ƙwallon da ta kawo ƙarshen jiran shekara 23. Shekarar da ta biyo baya Thomas Vanek ɗan ƙasar Ostiriya ne ya ja ragamar kofi na biyu. Har yau za ka ji tsofaffin magoya baya suna muhawara a kan yawan baƙin da ya halatta a ɗauka, kuma ba da wasa suke yi ba.

Ginshiƙi na biyu shi ne taron kansa. Ɗalibai na da ɓangarensu a bayan raga, a tsaye suke kallon wasa, 'yan badujalar jami'a na busa a bayansu. Daren farko da na je, abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka ci baƙi. Ƙaho ya yi ƙara, kowa ya miƙe, dubban mutane suka shiga jero haruffan sunan jihar ɗaya bayan ɗaya da murya guda, sannan ɗalibai suka juya kan golan baƙi suna nuna shi da yatsa suna maimaita wata kalma. Na tambayi dattijon, ya ce rariya suke kiransa, wato komai aka zuba masa wucewa yake yi. Yaron yana tsaye shi kaɗai a gaban ragarsa, ya ɗaga kwalbar ruwa ya kurɓa, bai waiwayo ba. Wannan tsokana ta bazu a kusan kowane filin jami'a, kuma kowace makaranta na da nata ƙari. A New Hampshire kifi ake jefawa kan ƙanƙara idan ƙungiyar gida ta ci ƙwallon farko. A Cornell ma kifi ake jefawa idan Harvard ta zo. A Boston jami'o'i huɗu na birnin suna karawa a gasar Beanpot tun 1952, a Litinin biyun farko na Fabrairu, kuma da Northeastern ta ɗauka a 2018 bayan shekara 30 ba ta gani ba, murnar da aka yi ta kai ta kofin ƙasa. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana tsaye a wannan ɓangare, in ya gama karatu ya samu aiki sai ya sayi kujera a wani gefen, ya zo da 'ya'yansa. Haka abin ke gadon kansa.

Na uku, wanda nake ganin shugabanni suka fi rainawa, shi ne maƙwabci. A da, shekaru da dama Minnesota na rukuni ɗaya mai suna WCHA tare da Dakota ta Arewa, da Wisconsin, da Denver, da Colorado College, da sauran jami'o'in cikin jihar irin su Duluth da St. Cloud da Mankato. Daga Minneapolis zuwa St. Cloud tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, Duluth awa biyu da rabi, Grand Forks kamar awa biyar. Mutane na cika motoci su bi ƙungiya. A ofis ɗaya za ka samu wanda ya yi Duluth da wanda ya yi Dakota ta Arewa da wanda ya yi Minnesota, don haka sakamakon daren Asabar yana jiran kowa a wurin aiki safiyar Litinin. Kowane Maris kuma rukunin kan taru a St. Paul don gasar ƙarshen kaka, gari ya cika da riguna kala-kala na kwana uku.

Zafin da ke tsakanin Minnesota da Dakota ta Arewa sai wanda ya gani. A 2006 aka tura Minnesota, wadda ke cikin waɗanda ake sa wa ran kofi, ta buga zagayen farko a filin Grand Forks da wata ƙaramar makaranta Holy Cross. 'Yan gari suka cika filin suna mara wa Holy Cross baya, ta kuwa yi nasara 4 da 3 a ƙarin lokaci, filin ya ɗauki sowa kamar su suka ci. A 2014 ramuwa ta zo a wasan kusa da na ƙarshe a Philadelphia: ana kunnen doki 1 da 1, Minnesota na da raunin mutum ɗaya, Justin Holl ya zura ƙwallo saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a tashi. Kwana biyu bayan haka Union College ta doke Minnesota 7 da 4 a wasan ƙarshe, amma ka tambayi magoyin baya abin da ya fi tunawa a wannan shekara, ƙwallon Holl zai ambata.

Lokacin da aka buga wannan wasa na 2014 an riga an raba gidan. Ga yadda aka yi. A 2010 attajiri Terry Pegula ya ba Jami'ar Penn State kyautar dala miliyan 88 don ta gina fili ta kafa ƙungiya. Da Penn State ta shigo, jami'o'in babban rukunin Big Ten masu buga hoki suka cika shida, adadin da ake buƙata don su kafa gasarsu. Big Ten kuwa tana da tasharta ta talabijin tun 2007, tana neman abin nunawa a lokacin hunturu. Don haka a 2013 Minnesota da Wisconsin suka bar WCHA suka haɗu da Michigan da Michigan State da Ohio State da Penn State. Dakota ta Arewa da Denver da Duluth da St. Cloud da wasu huɗu suka kafa nasu rukunin, NCHC. Ragowar ƙananan makarantu suka riƙe tsohon suna har ɓangaren maza ya watse a 2021.

A takarda lissafin ya yi kyau, manyan jami'o'i masu manyan sunaye. A fili kuwa sai kujeru suka fara zama wayam. Mutumin Minneapolis ba shi da surukin da ya yi Ohio State, kuma ba zai tuƙa mota zuwa Pennsylvania ranar Juma'a ba. Kaka uku a jere Minnesota da Dakota ta Arewa ba su haɗu a wasannin kaka ba, sai a 2016 aka dawo da karawar. Ga tsadar tikiti da aka ƙara, ga ƙungiyar ta yi sanyi na wasu shekaru, ga kuma ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota Wild da ta zo tun 2000 tana jan nata rabon. A Maris na 2019 Minnesota ta karɓi baƙuncin Michigan a gasar ƙarshen kaka, 'yan kallo ba su kai 2,000 ba a filin mutum 10,000. A daidai waɗannan shekaru Duluth, ƙanwar da ake rainawa, ta ɗauki kofin ƙasa a 2018 da 2019. Ni dai ban taɓa yarda cewa wannan sauyi dole ne ba. An sayar da abin da aka yi shekara 60 ana ginawa, kuma waɗanda suka gina shi, wato masu sayen tikiti, ba a tambaye su ba. Gaskiya ne da ƙungiyar ta farfaɗo a ƙarƙashin koci Bob Motzko mutane sun dawo, kuma hamayya da Michigan ta yi zafi yanzu. Amma ranar da Dakota ta Arewa ta zo gari, hayaniyar filin daban take.

Ita ma Dakota ta Arewa ta sha nata gwajin, wanda ya nuna iyakar abin da magoyin baya ke da iko a kai. Shekaru da dama sunan ƙungiyarta Fighting Sioux, sunan wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar. A 2005 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara matsa wa makarantu masu irin waɗannan sunaye. Aka ce sai manyan ƙabilun Sioux biyu na jihar sun amince. Mutanen Spirit Lake suka amince, Standing Rock ba ta ba da yardarta ba. Bayan shari'a da dokoki da ƙuri'ar jama'ar jiha, aka ajiye sunan a 2012, aka zaɓi Fighting Hawks a 2015. Har yau dubban mutane na zuwa filin da tsohuwar riga. Na fahimci shaƙuwarsu, amma sunan na mutane ne masu rai, kuma tunda wani ɓangarensu bai yarda ba, ajiye shi shi ne daidai.

Yanzu kuma wani sabon sauyi ya taso, kuma wannan karon ginshiƙin farko yake taɓawa. Tun 2021 an ba 'yan wasan jami'a damar karɓar kuɗi ta hanyar talla da sunansu, an kuma sauƙaƙa musu sauya makaranta ba tare da zaman jiran shekara ba. Ba na ganin laifin yaran a nan, su ne ke karye haƙora da kafaɗu alhali wasu na tara kuɗi da guminsu. Amma ga ƙaramar makaranta, duk yaron da ta raina ya yi fice babbar makaranta na iya ɗauke shi a bazara. Sannan a Nuwamban 2024 NCAA ta ɗage haramcin da ya daɗe a kan 'yan wasan manyan gasannin matasa na Kanada, waɗanda a da ake ɗauka a matsayin ƙwararru saboda ɗan alawus da ake ba su. Daga Agustan 2025 suna iya shiga jami'a. Nan da nan Gavin McKenna, matashin da aka fi magana a kansa a Kanada, ya zaɓi Penn State. Wasan zai ƙara kyau, wannan babu musu. Amma guraben ƙungiya ƙidayayyu ne, duk wanda ɗan Kanada ya samu, wani ɗan Roseau ko Hibbing ne ya rasa. Rigimar da Mariucci ya yi a shekarun 1950 ce ta dawo da sabon kaya.

Wanda ke neman tsohon yanayin, yakan same shi a ƙaramin filin Ridder da ke jikin filin Mariucci, inda ƙungiyar mata ke wasa. Su har yanzu suna rukunin WCHA tare da Wisconsin da Duluth da St. Cloud da Mankato, kuma yawancinsu suna kammala shekarunsu kafin su tafi. Su ne suka buga wasa 41 a kakar 2012 zuwa 2013 suka cinye duka, suka jera nasara 62 ba faɗuwa. Tikitinsu ba tsada, kuma 'yan mata ƙanana sanye da rigunan ƙungiyoyin unguwa ne ke cika layin gaba suna buga gilashi da tafin hannu.

Dattijon maƙwabcina bai ji daɗin dokar 'yan Kanada ba, ya kuma faɗa mini haka fiye da sau ɗaya. Amma da Maris ya zo ya ɗauki ɗan littafinsa na aljihu ya tafi St. Paul kallon gasar sakandare, tun daga wasan safe har na dare. Da ya dawo ya nuna mini shafin, ya rubuta lambobin riguna uku da sunayen garuruwansu, ya ja layi biyu a ƙarƙashin ɗaya, wani mai tsaron baya daga arewacin jihar wanda bai cika shekara 17 ba.